Ni Da Na Share Wa Masu Bincike Fili

A Gozaki idan an ce bincike, sawu ake bi a gano shanun wa suka cinye dawar wa, a kai magana gaban mai gari, a biya. Da wannan ilimin na shiga wani horo a Zariya, garin da ke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka baza tarkacen jirgi a fili, aka ce mu gano abin da ya kayar da shi.

Ba a gama bayani ba na yanke hukunci: matuƙi ne. Malamin ya ce a ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda hukumar binciken haɗurra ta NSIB ke bi a nan gida, ba mai laifi ake nema ba, sanadi ake nema don kada a sake. Ya kawo jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006 da Sarkin Musulmi Maccido, Allah ya jiƙansu, inda sai da aka tono har yanayin iskar lokacin tashi.

Aka ba ni gadin fili. Abokan aiki suna can nesa da tef da kyamara, ni kuma ga ƙarafa a warwatse, abin ba kyan gani. Na naɗe hannun riga na tattara su tsibi guda, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar tarin masara. Na samu wani akwati ruwan lemo na zauna a kai ina fifita da hula, ina jiran yabo.

"Malam, ina farfelar da ke nan?" in ji shugabar rukuninmu.

Na nuna tsibin da alfahari. Ta yi salati.

Ashe inda kowane gutsure ya faɗi shaida ce: ta ina jirgin ya zo, kuma a sama ya tarwatse ko a ƙasa. Lanƙwasar farfela ma kan nuna ko injin na aiki lokacin da ya bugi ƙasa. Na'urar naɗar bayanan da suka wuni nema kuwa, sai da na miƙe a yi mini faɗa aka gan ta.

Mu muka zo na ƙarshe. Jama'ar Kafur da Malumfashi, in Allah ya kawo tsautsayi gonarku, ku ceci masu rai, ku kira hukuma, ƙarfe kuwa ku bar shi inda ya faɗi. Musamman ku, 'yan gwangwan.