Wa Ke da Sule a Aljihu?

Ra'ayina, kuma ina faɗarsa ne tun kunya ba ta huce ba, shi ne duk wanda ya kwance kaskon sulalla na tsohon injin kalo-kalo a gaban jama'a tsakanin Madalla da Suleja, shi ya jawo wa kansa. Gyaran ba shi da wahala. Tun da kamfanin Bally na Amurka ya fito da injinsa Money Honey a farkon shekarun 1960, mai iya zubo sulalla 500 ba da hannun kowa ba, tsarin bai sauya sosai ba: kasko cike da kuɗi, faifai mai ƙusoshi yana juyawa yana ɗaukar su ɗaya-ɗaya, wani siririn ƙarfe ya zare kowanne ya tura waje, makunni ya ƙirga. Ka ciro lanƙwasasshen sulen da ya maƙale, ka goge dauɗar shekaru, ka daidaita makunnin, ka ɗaure da sukundireba. Yaron mai gyaran fanka ma zai iya.

Masifar tana zuwa ne bayan an gama. Mai gyara ya miƙe, ya goge hannu a tsumma, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya ci nasara, ya miƙa tafin hannu ga mutanen da suka kewaye shi, ya ce a ba shi sule ɗaya a gwada. A tsaya a nan a duba hannun da kyau. Yana buɗe, baƙi ƙirin da giris, a rataye a iska, babu abin da ya faɗo a ciki. 'Yan acaɓa sun laluba aljihu don kara kawai. Mai shayi ya ce rabonsa da ganin kwabo tun yana almajiri. Wani yaro ya tambayi mene ne sule, ko sunan mutum ne. Hannun na nan. Mai shi ba zai iya janye shi da sauri ba don kada a ce ya ji kunya, ba zai iya barinsa ba don ya fara kama da mai bara, sai ya ɗan kaɗa yatsu kamar da ma motsa jini yake yi. Can wani dattijo ya tausaya masa ya ɗora masa naira ɗari, irin wadda aka fara bugawa a 1999 ɗauke da hoton Dutsen Zuma, ga kuma dutsen kansa a tsaye bayan rumfa, da fuskar nan tasa, yana kallon komai.

Za a ce ai akwai sulalla a ƙasar nan, Babban Banki ya buga na kwabo 50 da naira 1 da naira 2 a 2007. Haka ne, sai dai a nuna mini mai tireda a kasuwar IBB ta Suleja da zai karɓe su. Ko an samo su, faifan an yanka shi ne daidai faɗi da kaurin kuɗi iri ɗaya, kuma ba ƙwaya ɗaya yake so ba, sai an cika kaskon kafin ƙusoshi su kama. Za a ce a zuba washa daga wurin bakanike. Washa ba ta kai kauri ba, biyu za su hau wuri ɗaya su cije, a koma gidan jiya.

Masu cewa caca haram ce, me ya kai mutum gyaran injinta tun farko, ba ni da ja da su. Suratul Ma'ida ta yanke magana, gwamnatin soja ta Obasanjo ma ta haramta waɗannan injuna da doka a 1977. Abin da zan ƙara kawai shi ne faɗuwar darajar naira ta ƙarasa aikin da dokar ta fara. Injin da babu abin da zai haɗiya ya tuba ko bai yi niyya ba.

Abin da ya rage na jin daɗi a sana'ar shi ne shawarar 'yan kallo, kuma ni na fi ganin darajarta a kan gyaran. Akwai mai cewa a zuba baƙin mai, wanda shi ne zai sa sulalla su manne da juna har abada. Akwai mai cewa a mare shi a gefe, haka yake yi wa rediyonsa. Akwai mai rantsuwa iskokin dutse ne suka riƙe faifan, a nemo turare. Amma gwaninsu shi ne wanda bai ce uffan ba tun safe, ya zagaya injin sau biyu yana leƙen bayansa, sannan ya dafa kafaɗar mai gyara, hannun nan har yanzu a buɗe, ya ce cikin natsuwa: "Maigida, karanto lambar akawun ɗinsa mana, a yi masa tiransifa."