Gadon Kujerar Dare da Malaman "Da A Ce" na Amurka

Mutanen Amurka, waɗanda suka ɓalle daga Ingila a 1776 don kada wani sarki ya ƙara juya su, suna da gadon sarauta guda da ba sa gajiya da rigima a kansa, wato kujerar mai gabatar da The Tonight Show a gidan talabijin na NBC. Shirin hirar dare, ga wanda bai sani ba, zama ne da ake farawa wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi, inda wani mai kwat zai tsaya ya zolayi 'yan siyasa, sannan ya koma bayan tebur ya riƙa yi wa taurarin fim tambayoyin da aka riga aka shirya amsarsu.

Johnny Carson ya riƙe kujerar daga 1962 zuwa 1992, kuma jama'a da dama sun ɗauka David Letterman, wanda shirinsa ke bin bayan na Carson tun 1982, shi ne mai jiran gado, amma masu zaɓe suka naɗa Jay Leno. Da shugabannin NBC suka fara shawarar ko su canja ra'ayi, Leno, kamar yadda ya amsa da bakinsa, ya laɓe a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki yana sauraren tattaunawarsu ta waya. Letterman dai ya kwashe kayansa ya koma gidan talabijin na CBS a 1993.

Daga nan ne aka samu fannin nazari da za a iya kira ilimin "da a ce", wato bincike mai zurfi kan abin da bai faru ba, wanda babban amfaninsa shi ne babu mai iya ƙaryata malaminsa. Mazhaba ta farko ta tafi a kan cewa da Letterman ya hau, da barkwancin Amurka bai lalace ba, ko da yake mabiyanta ba su taɓa bayyana dalilin da ya sa Leno ya shafe shekaru yana fin gwaninsu yawan masu kallo ba. Ta biyu, mai ƙarancin mabiya, tana kukan Joan Rivers, wadda ta kasance mai riƙe wa Carson kujera idan ba ya nan, har ta koma gidan talabijin na Fox a 1986 ya daina yi mata magana.

Mazhabar da ta fi zafin kai ita ce ta Conan O'Brien, wanda aka yi wa alkawarin kujerar tun 2004, ya hau a 2009, ya sauka bayan wata bakwai, Leno ya dawo. Almajiranta suna ba da labarin da murya mai rawa, suna kiransa wanda aka zalunta, alhali sallamar da aka biya shi da ma'aikatansa ta kai kusan dala miliyan 45, zaluncin da mutane da yawa za su roƙi a yi musu irinsa. Da a ce duk masu wannan kuka sun kunna talabijin a watannin nan bakwai, da wataƙila ba a taɓa shi ba, sai dai wannan "da a ce" ɗin ba ya cikin manhajarsu, domin akasarinsu kan yi barci tun goma, su tsinci gutsattsarin shirin da safe a YouTube.

A 2025 CBS ta sanar da cewa za ta rufe The Late Show, wanda Stephen Colbert ya gada daga Letterman a 2015, ba tare da naɗa magaji ba, lamarin da ya tilasta wa malaman buɗe sabon reshe kan wanda da shi zai gaji kujerar da a ce akwai kujerar.