Nasiha ga Ango Mai Neman Zobe

Tun da yake samarin wannan zamani sun ƙudurta a ransu cewa biki ba ya cika sai an tsaya gaban jama'a an zura wa amarya zobe, na ga ya wajaba in tara wa ango 'yan shawarwari, domin na sha ganin yaro mai hankali, wanda ya san adadin buhunan simintin da ginin ɗakinsa ya ci har da rabin buhu, ya shiga rumfar mai gwal ya fito kamar wanda aka yi wa rufa-ido, kuma abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Da farko, ɗan'uwa, ka san matsayin abin da za ka saya. Aure yana ƙulluwa ne da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, kuma duk malamin da ka tambaya, daga Sakkwato har Damagaram, ba zai ƙidaya maka zobe a cikinsu ba. Musayar zobe al'adar Turawa ce, waɗanda magabatansu suka ɗauka wai akwai wata jijiya da ta taso daga yatsa na huɗu na hannun hagu ta zarce zuwa zuciya. Likitoci sun duba ba su same ta ba, su Turawan kuma ba su yi ittifaƙi a kan hannu guda ba, da yake mutanen Jamus da Rasha a dama suke sawa. Ashe zobe baƙo ne a gidanmu, baƙo kuwa ana shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa, amma ba a sayar da gona don a yi masa tuwo. Sai dai yana da wata daraja da muka sani tun daga hadisin Sahlu ɗan Sa'adu, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wani sahabi matalauci ya nemo abin sadaki ko da zoben ƙarfe ne. Ka lura, a can zoben dukiya ce da za ta shiga hannun mace ta zama tata, kuma da wannan idon nake so ka shiga kasuwa.

Naka zoben mas'alarsa gajera ce. Zinariya haramun ce ga namiji, don haka sai azurfa, wadda da ita aka ƙera zoben da Annabi yake hatimce wasiƙunsa zuwa ga sarakuna. Fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya sun iyakance shi ga guda ɗaya, kada nauyinsa ya haura dirhami biyu, wato kimanin giram 6, kuma mai littafin Risala ya zaɓi a sa a hagu. Ka nemi maƙerin fari, in ka sami aikin maƙeran Agadas ka dace, ka duba lamba 925 in na kanti ne. Wanda ya miƙo maka farin gwal kuwa, ka gode masa ka mayar, gama zinariya ce ta sa farar riga, riga kuma ba ta sauya hukunci.

Na amarya shi ne mai buƙatar zama da natsuwa. Kafin ka bari walƙiyar fitilun rumfa ta ɗauke maka ido, ka juya zoben ka leƙa cikinsa, domin a nan ne yake faɗin gaskiyar nasabarsa: 916 yana nufin karat 22, 875 karat 21, irin wanda alhazai suka saba kawowa daga Makka, 750 kuwa karat 18. Karat 24 shi ne tatacce, amma laushinsa ya yi yawa ga hannun da gobe zai riƙe muciya da taɓarya, ya matse wanki, ya cuɗa yaro. Kafin Sallah ta zagayo za ka tarar ya lanƙwashe kamar kunnen kwano. Ka sa a ɗora shi a sikeli a gabanka, ka tambayi kuɗin giram na ranar, sa'an nan ka tambayi kuɗin aiki daban, saboda ranar da larura ta sa aka mayar da shi, mai saye nauyin zinariya kaɗai zai biya, ya cire aiki, ya cire duwatsun da aka jera a kai, ko da kuwa sun kai taurarin daren hunturu yawa. Maganar daimon kuwa, ka sani yaɗuwarsa a zoben baiko ta samo ƙarfi ne daga tallan da kamfanin De Beers ya fara a Amurka a 1938, kuma dutse ne mai tsadar shiga, mai arhar fita.

Kada ka kuskura ka sayi jabu kana tsammanin asiri zai rufu. A kowane gidan amarya akwai wata gwaggo wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma tafin hannunta ya fi sikelin kasuwa adalci. Za ta karɓi zoben, ta jinjina shi sau biyu, ta goga shi a gefen zanenta, ta ce, "Madalla, Allah ya sa albarka," kuma daga yadda ta ja wannan madallar, mata arba'in da ke tsakar gida sun riga sun ji hukuncin. Ƙaramin zobe na gaskiya yana fita daga wannan kotu da mutuncinsa, kuma idan azurfa ce iyakar ƙarfinka, ka kai ta da sunanta, kanka a ɗage.

Saura awo, kuma a nan ne angwaye suka fi faɗuwa. Da yake kunya da shari'a sun hana ka kama hannun yarinya ka gwada, kada ka dogara da ƙiyasin ido daga nesa a zaure. Ka aiki ƙanwarka, ko ka nemi alfarmar babbar ƙawar amarya, ta je da zare ta zagaya yatsan, ta tabbatar ya wuce gaɓa, kuma ta yi haka da yamma, lokacin da hannu ya ɗan cika, tana la'akari da cewa yatsa yakan kumbura da zafin bazara ya tsuke da sanyin hunturu. Wanda ya yi sakaci da wannan, shi ne za ka gani a tsakiyar taro, mai hoto ya durƙusa yana jira, makaɗa sun sassauta, amarya ta sunkuyar da kai, zobe kuma ya tsaya a gaɓa kamar jakin da ya ga gada, har sai wata baba ta ɓullo da man kaɗanya daga jakarta. In shakka ta kama ka, ka zaɓi sumul marar duwatsu a kewaye, domin shi maƙeri yake iya buɗawa ko tsukewa, musamman bayan Allah ya kawo rabo, hannu ya sauya.

Idan ciniki ya faɗa, kada ka tashi sai an rubuta maka rasit mai ɗauke da nauyi da karat da kwanan wata, kuma da kuɗin da ke aljihunka za ka biya, ba da na bashi ba. Wannan takarda ba ta aljihunka ba ce. Ka naɗe ta tare da zoben ka miƙa wa mai shi, ta adana a ƙasan akwatinta.