Kowa da Takunsa a Ajin Ɗinki

Ajin koyon ɗinki na unguwa ba shi da wuyar ganewa. Gareji ne ko ɗakin zaure, baƙaƙen kekuna jere a jikin bango, wasu na jiran mai gyara tun bara, ƙasa duk ƙyallaye da guntayen zare. Malama na tsaye da tef a wuya, ko sallah za ta tayar sai an tuna mata ta cire. Masu neman sana'a na cikin ajin, amma ba da su nake ba. Su sun san abin da ya kawo su, suna koya su kama gabansu. Maganata a kan waɗanda sha'awa ta kawo ne, masu cewa "ni dai in iya ɗinka kayana da kaina."

Da yawansu ma fushi ne ya yi musu jagora, shi ya sa aji ya fi cika bayan ƙaramar Sallah. Mai fushi ta kai ɗinki tun ba a ga watan azumi ba, tela ya ce in sha Allahu kafin goman ƙarshe. Ta yi ta sintiri. Ranar jajibere ta tarar da atamfarta a ƙarƙashin tebur, ko ninkin ba a warware ba, ta je idi da tsohon leshi. Ranar farko a aji ba ta zauna ba sai da kowa ya ji labarin. Tana da lissafi kuma: kuɗin ɗinkinta da na yara a shekara ya isa ya sayi keke. Lissafin daidai ne, in ba a saka zare da shafi da zif da allurar da ke karyewa ba, balle turamen da za a lalata kafin hannu ya faɗa. Abin da ke burge ni da ita shi ne saurin ɗaukar darasin da ba a koyar ba. Bayan 'yan watanni ƙanwarta ta kawo mata yadi, sai ka ji ta a waya: "Wallahi an gama, zif kawai ya rage. Ki bari sai jibi, ba mu da wuta." Keken nata kuwa na takawa ne, ba ruwansa da wuta.

Kusa da ita akwai mai sayayya. Kafin ta iya zura zare a allura ta mallaki Butterfly sabo dal, irin wanda ake ƙerowa daga Shanghai, da almakashi uku, da alli kala-kala, da zare kwali guda. Ta san Kantin Kwari layi-layi, 'yan kasuwa na hango ta suke fara "Hajiya, an kawo sabon zane." A gida akwati ya cika da atamfa Holan ta kamfanin Vlisco, da shadda Gezna da ake saƙawa a Ostiriya, da leshin Siwizalan. Ko ɗaya ba ta taɓa yankawa ba. Takan shimfiɗa turmi, yadi shidan nan cif, a tsakar ɗaki, ta ɗauko almakashi, ta yi bismillah, sai ta tuna abin da ta biya, ta ninke ta mayar. "Sai hannuna ya ƙara faɗawa, Malama." Abin da ta ɗinka zuwa yanzu shi ne rigar da ake rufe keken da ita saboda ƙura.

Ita kuwa mai gaggawa da ma ta ari rabin wannan tsoron. Malama na da tsari: a fara koyon taka keke ba zare har ƙafa ta daina juya shi baya, sannan a bi layi a kan takarda, sannan a koyi yanka a takardar buhun siminti, kafin a taɓa yadi mai araha. Mai gaggawa ba ta da lokacin wannan. Bikin ƙawarta ranar Asabar, an fitar da anko, ta rantse da kanta za ta ɗinka. Ta yanka ba ta bar ko inci ɗaya na ɗinki ba, ta fitar da hannu biyu duk na dama, tsuntsayen atamfar a gaba suna tashi sama, a baya suna faɗowa ƙasa. Doguwar riga ta koma gajera, gajerar ta koma ta 'yar yayarta, daga ƙarshe aka samu ɗankwali mai kyau. Daren Juma'a aka gan ta a shagon tela da sabon turmi tana "don Allah Baba, ka rufa min asiri."

'Yar YouTube kalmarta ɗaya ce: "Amma Malama, a bidiyon da na gani ba haka ta yi ba." Matar bidiyon tana Ingila tana awo da santimita, Malama na awo da inci, tef kuma fuska biyu gare shi, inci 60 a ɗaya, santimita 150 a ɗaya. Ta ji an ce ƙugu 76, ta juya tef ta auna 76 a fuskar inci, da tef ya ƙare ta ƙara daga farko. Tunda inci ɗaya ya ɗan haura santimita biyu da rabi, siket ɗin da ya fito zai ɗauke ta da ƙawarta, a bar wa yaro wuri.

Ranar awo ake gane mai gardama da tef. Ta riƙe numfashi, ta shanye ciki, ido ya firfito. Tef ya ce 40. "Rubuta 34, Malama, yanzu na ci tuwo." In riga ta ƙi shiga, yadin ne ya motse a wanki, alhali ko ruwa bai gani ba. Sai ta rataye ta, wai sai bayan azumi. Akwai kuma mai reza, wadda ba ta yarda da ɗinkin da ya kauce ko da faɗin zare ne. Ta ɗinka, ta ɗaga a haske, ta yi tsaki, ta farke. Wuyan riga ɗaya take kai tun damina, har yadin ya zama rariya.

Mai hira ba ta ɓoye cewa fita daga gida ta zo yi, kuma ni ban ga laifinta ba. Kekenta teburin cin awara ne. Ta san auren da za a ɗaura da wanda ke tangal-tangal, jakarta cike da humra da turaren wuta na sayarwa, biya a hankali. Ba ta iya sa zif ba, amma ranar da ba ta zo ba aji ba ya daɗi, har Malama na tambayar ko lafiya.

Wadda kowa ke shakka ita ce Hajiya Babba. Tana da Singer na hannu tun cikin kayan ɗakinta, ƙirar masana'antar Clydebank ta Sikotilan wadda aka rufe a 1980, kuma har yau ɗigon mai kaɗai yake nema. Da shi ta ɗinka wa 'ya'yanta kayan Sallah lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki dare da rana, shi ya sa in aka miƙa mata atamfar yanzu sai ta murza da yatsa biyu ta ce, "Wannan ai leda ce." Tef bai dame ta ba. Da kamu da taƙi take awo, ta dubi mutum sau ɗaya ta yanka, kuma ya zauna daidai. Jikoki ne suka ce ɗinkinta ya tsufa, ta zo ta koyi siket da rigar da ke kama jiki, tana koya tana istigfari a madadin masu sakawa. In zare ya cukurkuɗe a ƙoshiya, Malama ta ce a kira mai gyara, Hajiya ko juyowa ba ta yi, ƙarar keken kawai ta saurara: "Ke 'yar nan, allura kika sa a baibai." A duba, haka ne. Malama sai ta ce da ma abin da za ta faɗa ke nan.

Maza ba su cika shiga irin wannan aji ba, amma a shagon tela akan samu Alhajin da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya zo da littafi da biro zai koyi kaftani da wando. Yana zaune cikin yaran shago, kuma ba wanda ya isa ya aike shi sayen zare. Yana rubuta komai, yana tambayar dalilin komai, yana neman a ba shi jadawali. Aljihun gefe ne ya kayar da shi. Ya ɗinke bakinsa ruf, ya ce da ma shi ba ya son ajiye kuɗi a jiki.

Saura waɗanda ba su yi rajista ba amma su ke biyan kuɗin makarantar da jikinsu. Yara ne kan gaba, don ba su da bakin ƙi: wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, wuyan riga sai an shafa wa kunne mai kafin kai ya wuce. Sai maigida, wanda aka ɗinka wa kaftani na farko aka ce lallai da shi zai je Juma'a. Ya saka, ya ce ma sha Allah da murya mai rawa, ya ɗora babbar riga a kai duk da zafin bazara. Bayan an idar, a ƙofar masallaci, abokinsa ya kama hannun kaftanin da ya zarce yatsu, ya ce, "Alhaji, wane telan ne ya yi maka wannan ɗanyen aikin? Ka mayar masa mana." Alhaji ya ja hannunsa ya ce, "Bari kawai. Telan nan ba a mayar masa da ɗinki, shi ke ba ni abinci."