Na Tashi, Takarda Ta Ƙi Tashi

A Kano idan mutum zai bar gidan haya, iyakarta ya share tsakar gida, ya miƙa makulli, a yafi juna, a shafa fatiha. In akwai bashin wata biyu, a kira limamin layi ya yi ta ba da haƙuri har ya koma wata ɗaya. A Dubai kuwa mutum biyu ne ke kama haya: kai da takardarka. Kai kana iya kwashe komatsanka cikin yini guda, amma takardar sai an yi da gaske kafin ta sauko daga bene.

Ina aiki ne a wani shagon aika kaya a Deira, inda muke ɗaure atamfa da turare da wayoyi mu tura wa 'yan Kantin Kwari. Gidan da nake haya yana hawa na huɗu a wani tsohon bene kusa da Naif, ɗaki da falo, dirhami 48,000 a shekara, a cak huɗu da na rubuta tun ranar shiga. Na ajiye wa mai gida 2,400 kuɗin ajiya, wato kashi 5 cikin 100 kamar yadda aka saba idan babu kayan ɗaki, dillali ma ya karɓi nasa kashi 5 yana murmushi yana kirana ɗan'uwansa. Bayan nan aka yi wa yarjejeniyar rajista a Ejari, tsarin da hukumar filaye ta Dubai ta fara aiki da shi a 2010. Ba tare da wannan rajista ba, hukumar DEWA ba za ta haɗa maka wuta da ruwa da sunanka ba, ba kuma za ka iya ɗaukar nauyin bizar iyalinka ba. Abin da ba a cika gaya wa mai shiga ba shi ne, gida ɗaya ba ya ɗaukar rajista biyu. Sai an soke ta tsohon ɗan haya sannan sabo zai samu tasa, kuma ƙarewar wa'adi kaɗai ba ta soke ta.

Da muka yanke shawarar komawa Sharjah, inda haya ke da rangwame, na yi komai bisa ƙa'ida. Dokar haya ta 2007 da gyaranta na 2008 sun yi maganar sanarwar kwana 90, na kuwa aika tawa tun da sauran lokaci, har na ɗauki hotonta na ajiye. Sai na kira dillali. Wayarsa ta yi ta ƙara har ta gaji. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to wannan ya ci ladan ya sayar da askar.

A ofishin kamfanin da ke kula da benen, wani matashi mai gashi kamar an shafe da man shanu ya zana mini jerin abubuwa. Na farko, in kawo takardar kuɗin wuta ta ƙarshe. Na biyu, in yi wa gidan fenti. Na uku, su zo su duba. Na huɗu, mai gida ya sa hannu a takardar da ke cewa ba shi da ja. Na biyar, a soke rajista. Na tambaye shi ko haka suke a jere, ya ce, “Ma fi mushkila,” wato babu matsala. Ni mutum ne mai bin doka, don haka daga ɗaya na fara. Na nemi a yanke wuta, ma'aikatan suka yanke a kan kari, suka cire abin da ake bina daga dirhami 2,000 da na ajiye musu, har da kuɗin gidaje na ƙaramar hukuma da suke haɗawa da na wuta, 200 duk wata. Ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba, kuma shi ya kashe ni.

Watan Agusta ne. Duk wanda ya san Dubai a Agusta ya san ma'aunin zafi yana haura 40, iska kuma jiƙaƙƙiya ce, kana fita tabarau ya yi hazo. Mai fenti, wani dattijo ɗan Pakistan, ya hau benen da bokitinsa, ya danna makunni, shiru. Ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyaya ɗaki, ya dube ni, ya ce wani abu da Urdu wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Da rana ba ya iya aiki saboda zafi, da dare ba ya iya aiki saboda duhu. Daga ƙarshe muka daidaita a kan bayan la'asar, ni ina riƙe da fitilar waya a hannu ɗaya, ina yi masa fifita da kwalin taliya da ɗayan. Da batir ya mutu ya ci gaba da lalube. Washegari na tarar ya shafe makunnai biyu da ƙugiyar rataye riga, bangon falo kuwa rabi fari ne, rabi kalar kunun gyaɗa.

Fitar da kaya ma sai da izini. Maigadin benen, wanda shekara da shekaru muke gaisawa, wanda ya ci naman layyarmu har ya nemi ƙari, ya tsaya a bakin lif ya ce katifa ba ta sauka sai da takardar fita daga kamfani. Kamfani ya ce takardar fita sai da sa hannun mai gida. Motar kaya tana waje direba yana ƙirga awa. Uwargida tana zaune a kan akwati da yara, ta ce, “Malam, ko dai mu zauna kawai?” Na ce mata babu wuta. Ta ce, “To mu tafi.” Na ce babu izini. Ta yi shiru, irin shirun da na gwammace a zage ni a kansa. Abin da ya cece mu shi ne maigadin yana tafiya cin abinci ƙarfe ɗaya, takardar kuma lif ta ambata, ba ta ce komai a kan matakala ba.

Mai duba gida ya zo da alƙalami a kunne. Ya ƙirga ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, yana sa wa kowanne kuɗi. Ya shiga kicin ya tsaya a kan tabon manja, ya ce wannan wane irin sinadari ne. Sannan ya ɗaga kai sama a uwarɗaka, inda turaren wutar da ake aiko wa uwargida daga Maiduguri ya bar tarihi, ya tambaye ni yaushe aka yi gobara. Na gyara tsayuwa na karanta masa abin da doka ta ce, cewa ɗan haya zai mayar da gida yadda ya same shi, ban da lalacewar da zama na yau da kullum ke jawowa. Ya ce turare ba zama na yau da kullum ba ne. Na ce bai taɓa auren 'yar Barno ba.

Saura sa hannu. Mai gida ya tafi Turai shan iska, kamar yadda masu hali ke yi a wannan watan. Yana da wakili, amma takardar wakilcin ta ƙare, kuma mai sabunta ta shi ne wanda ke shan iskar. Manhajar hukumar filaye, Dubai REST, tana cikin wayata, cibiyoyin da aka amince su yi aikin suna buɗe, ma'aikaciyar da na samu a ɗayansu ta ce da takardu sun cika da ko shayina ba zai huce ba an gama. Na dinga sintiri tsakanin Sharjah da Deira a kan titin Ittihad, inda cunkoson safe ke ba mutum damar yin lazimi ya ƙare ya sake wani, ina zuwa ofishin kamfani ana ce mini gobe in sha Allah.

Ana cikin haka wani ya fara kirana. Sabon ɗan haya ne, mutumin Kerala, siriri mai ladabi. Kamfani ya riga ya karɓi cak ɗinsa, amma rajistarsa ta ƙi shiga saboda tawa tana nan daram, bizar matarsa kuma tana jiran rajistar. A wurinsa ni ne azzalumin da ya bar gida ya ƙi sakin gida. Yakan kira da asuba ya tambayi lafiyata. Yakan zo shagonmu ya zauna a kan dilar atamfa, ba ya cewa komai, sai murmushi. Abokan aikina suka fara kiransa surukina. Wata ranar Juma'a a masallaci na yi sallama dama, sai ga fuskarsa.

Shi ne kuwa ya warware matsalar. Ashe direban mai gida ɗan garinsu ne, ƙanin matar wani kawunsa. Abin da saƙonnina da hoton sanarwata da dokar 2007 suka kasa, kiran waya ɗaya da yaren Malayalam ya yi. Kafin magariba sa hannu ya iso ta waya, kamfani ya buga hatimi, washegari muka tafi cibiya tare, ni da surukina, ya riƙe mini fayil kamar mai rakiyar ango. Aka danna abu biyu, aka ce an soke. Ya rungume ni. Tun daga ranar bai ƙara tambayar lafiyata ba.

Sai kuɗin ajiya. Daga 2,400 aka cire na ramukan ƙusa, aka cire na sake fentin da na riga na biya, aka cire na gobarar da ba a yi ba. Alhajin da nake yi wa aiki ya ce in kai ƙara cibiyar sasanta rikicin haya, wadda aka kafa a 2013. Na bincika na ga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ƙara dirhami 500 ne, ga hanyar Ittihad tana jirana, sai zuciyata ta yi sanyi nan take na ga yafiya ta fi. Matashin nan mai gashin man shanu ya miƙo mini cak na abin da ya rage. Na duba kwanan wata, na ga sai nan da wata uku za a iya cira. Na ɗaga kai. Ya ce ai haka ni ma na ba su nawa lokacin shiga.

Da na koma Sharjah na nuna wa uwargida, ta karɓa ta juya shi gaba da baya. Ta ce tagogin sabon gida sun fi na da faɗi, ta riga ta karɓo labule bashi a kan kuɗin, kuma mai labulen ya ce jibi zai zo.