Rumbun Dawa da Wakilan Gindin Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Bayan wata shekarar fari da ta ci rayuka, namun dawa suka taru gaban Zaki suka ce ba za su ƙara barin rumbun gari a hannun fada kaɗai ba. Kowace zuriya ta zaɓi wakili, aka kafa majalisa a gindin kuka, Giwa ta zama shugabarta. Aka yi doka cewa ko dami ɗaya ba zai fita daga rumbu ba sai majalisa ta amince, kuma duk bayan kaka Bushiya za ta ƙidaya abin da ya shiga da wanda ya fita.

A shekara ta uku majalisa ta ware dami 300 na gero don ciyar da masu haƙa rijiya. Rani ya zo, babu rijiya sai wani rami da ko Zomo zai iya tsallakewa. Bushiya ta kawo lissafi: dami 40 kaɗai mahaƙa suka gani.

Aka naɗa kwamitin bincike, Malam Dila ne shugaba, da Kunkuru da Hankaka da Kurege. Suka aika wa Kura, Ma'ajin fada, sammaci. Ta ce tana ciwon baya. Suka sake aikawa, ta ce ita Sarki kaɗai take yi wa bayani. Sai majalisa ta ajiye kason fada na shekara ta ƙi taɓa shi. Ba a yi mako ba Zaki da kansa ya ce wa Kura ta tafi.

A bainar jama'a aka yi zaman. Kunkuru ya riƙa tambaya a hankali, ɗaya bayan ɗaya: wa ya buɗe rumbu, a wace rana, wa ya ɗauka, ina shaida? Kafin la'asar sunaye biyar sun fito, cikinsu har da Gafiya, wadda aka ba kwangilar rijiyar.

Da dare Gafiya ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓulla a ɗakin Dila da kaji 12.

Ranar karanta rahoto, Kunkuru ya ji sunaye huɗu. Ya ɗaga kai ya ce, "Ranki ya daɗe, biyar muka rubuta." Hankaka ya ce shi ma da asuba ya ga gashin kaji a ƙofar Malam. Wuri ya yi tsit. Daga bayan taro Kura ta ɗaga murya: "Ashe mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi! Su wa za su hukunta ni?"

Nan ne majalisar ta kusa faɗuwa, kuma ba Kura ce ta kusa kayar da ita ba. Aka sallami jama'a, aka shiga zaman sirri. Ɓauna ta ce a rufa asirin gida, Malam Dila namu ne, yau shi gobe wani. Da yawa suka gyaɗa kai, domin akwai waɗanda su ma an taɓa kai musu ziyarar dare.

Kunkuru ya ce, "'Yan'uwa, ba mu da farce irin na Zaki, ba mu da muƙamuƙi irin na Kura. Abin da ya sa fada ta amsa kiranmu shi ne jama'a sun yarda da mu. In muka rufe wannan, gobe muka aika sammaci, wa zai zo? Ɗan Barewa da ƙishirwa ta kashe a bakin ramin nan, uwarsa tana waje tana jira."

Giwa ta daɗe ba ta ce komai ba, don Dila ne ya tsaya mata lokacin zaɓenta. Sannan ta ce a buɗe ƙofa.

Aka sauke Dila daga shugabancin kwamiti, aka miƙa shi ga kwamitin ladabtarwa. An ba shi damar kare kansa, ya ce tarko ya ɗana wa Gafiya. Suka tambaye shi wa ya sanar kafin ya karɓa, kuma ina kajin. Ya rasa amsa. Aka dakatar da shi, aka mayar da sunan Gafiya, rahoto ya wuce. Zaki ya tuɓe Kura, alƙali ya sa aka tono dami 190 daga ramukan Gafiya. Sauran sun tafi. Zuriyar diloli kuwa, fiye da rabinsu suka dangwala ƙafa a takarda suka yi wa wakilinsu kiranye. Kafin damina ta sauka an ga ruwa a rijiya.

Ƙurunƙus.

Mai karatu a Nijeriya, ikon majalisa na bincike da sammaci yana sashe na 88 da 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Kiranye yana sashe na 69, kuma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu kafin a kai ga ƙuri'ar raba gardama. Ka adana katinka na zaɓe, ka kuma riƙa tambayar wakilinka lissafi.