Yadda Ake Lallashin Tsohon Injin Zarto

Tsohon injin zarto dattijo ne, kuma ba a tashin dattijo da tsawa. Idan ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage bai ko yi tari ba, kada ka zage shi, kada ka ce maƙiya ne suka sa masa hannu. Nemi inuwa ka zauna, ka bincika abincinsa da numfashinsa da wutarsa.

Fara da abinci. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba da tsohon fetur ake tayar da inji ba. Man da ya haura wata guda a tanki ya fara lalacewa, yana barin danƙo a kafireta. Juye shi ka haɗa sabo. Kamfanin Stihl na Jamus ya ce kashi 50 na fetur, kashi ɗaya na man 2T, wato mililita 100 a lita biyar. Wasu tsofaffin injuna sun fi son mai ya ɗara haka. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, ko kyauta aka ba ka, yi godiya ka wuce.

Sai ladabin tayarwa. Ajiye injin a ƙasa, sa birkin sarƙa, riƙe shi gam. Sa cok ka ja igiya. Da ya yi tarin farko, cire cok ɗin nan take. Mai gardamar da ya ci gaba da ja a kan cok ɗura yake yi masa, har fulogi ya jiƙe sharkaf. Idan haka ta faru, kashe makunni, kwance fulogi ka goge, ja igiya fetur ya fita, sannan ka mayar. Tazarar bakin fulogi rabin milimita ce. In ya yi baƙi ƙirin, sayi sabo, kuɗinsa bai kai na maganin ciwon baya ba.

Akwai mai tashi lafiya, ya yi aikin minti kaɗan, ya sume ana tsakiyar yanka. Kada ka kira masu tofi. Buɗe murfin tanki a hankali ka kasa kunne. In ka ji iska ta shiga fuu, kafar da tanki yake shaƙar iska ce ta toshe. Daga nan zaro tiyon mai da 'yar waya, ka duba matacin da ke bakinsa, ka ga ko tiyon ya tsage. Wanke matacin iska, domin garin katako da ƙurar hunturu sun daɗe da yin gida a ciki. Leƙa salansa ma, kunkunniya tana toshe ragarta ta hana hayaƙi fita.

Kafireta ita ce ta ƙarshe, ko da hannunka yana ƙaiƙayi. Kusoshi uku gare ta: L na ƙaramin gudu, H na babban gudu, LA ko T na zaman jira. Juya su kaɗan-kaɗan, kana lissafin inda ka baro. Wanda ya matse H don ya ji inji yana kuka mai daɗi ya hana shi mai, kuma fistin ne zai biya bashin. In robar cikin kafireta ta bushe ta ƙandare, juyi ba zai yi magani ba, sai an canza ta.

Idan igiya ta zama sako-sako babu nauyi, ko inji yana zabura shi kaɗai sarƙa tana gudu, kai shi wurin bakanike, matsalar ta ciki ce. In za ka ajiye shi ya daɗe, juye man, ka bar shi ya ci saura har ya mutu da kansa.

Ranar da maƙwabcinka mai auna mai da ido ya zo aro, tarbe shi da fara'a, ka ba shi ruwa ya sha, ka miƙa masa gatari.